Yawan Gefe, Tsawon Gefe da Jimillar Kusurwoyi: Nazari a Kan Awon Filaye a Rijiyar Zaki

Tsakure

Maƙalar ta duba alaƙar yawan gefunan fili da tsawonsu da jimillar kusurwoyinsa na ciki, ta ɗauki yankan gonaki a Rijiyar Zaki, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, a matsayin misali. Ta nuna cewa yawan gefe ne kaɗai ke yanke jimillar, kuma awon tsawo kawai ba ya tabbatar da girman fili.

Gabatarwa

Tun shekarun 1960 masani Michael Mortimore ya yi nazarin gonakin kewayen Kano, inda jama'a suka yi yawa har gona ba ta samun hutu. Gona a nan ba kasafai take zuwa da kusurwa huɗu daidai ba. Rabon gado ya gutsure ta, burtali ya karkatar da gefe guda, iyakarta kuma jerin gamba ce ko shingen lalle. Da gari ya cim ma Rijiyar Zaki ta hanyar Gwarzo, sai aka shiga yanka gonakin fuloti-fuloti, da yawansu ta awon igiya.

Ƙa'idar jimilla

Masanin lissafi Yuklid ya tabbatar a littafinsa na farko, mas'ala ta 32, cewa kusurwoyin alwatika suna haɗuwa su ba da digiri 180. Idan aka tsaya a kusurwa ɗaya ta fili mai gefe n aka ja layuka zuwa sauran, filin zai rabu gida (n − 2), kowane gida alwatika. Ke nan jimillar ita ce (n − 2) × 180: mai gefe huɗu 360, mai biyar 540, mai shida 720. Babu inda tsawo ya shigo cikin lissafin. Ɗan lambun bayan gida da gonar gandu, muddin gefunansu biyar-biyar ne, jimillarsu ɗaya. Da wannan safiyo ke duba aikinsa: in ya zagaya gona mai gefe biyar ya tashi da 543, to laifin na awonsa ne.

Inda igiya ta gaza

Alwatika ce kaɗai gefunanta ke ɗaure kusurwoyinta. Daga gefe huɗu zuwa sama, siffa tana iya karkacewa alhali tsawon gefunan bai canza ba. A ɗauki fulotin da aka saba, ƙafa 50 a 100. Idan kusurwoyinsa 90 ne, girmansa murabba'in ƙafa 5,000. Idan ya karkace, biyu suka koma 80, biyu 100, girman ya sauka zuwa kusan 4,924. A digiri 70 da 110 kuwa, kusan 4,698 ya rage, wato an yi asarar kashi 6 cikin ɗari. Duk da haka igiya za ta nuna 50 da 100 cif, jimilla kuma tana nan 360. Mai saye ba zai gane ba sai ranar da magini ya ja zaren harsashi ya ga ɗaki ya ƙi zama. A ganin wannan nazari, rashin duba kusurwa ya fi kuskuren tsawo haɗari, domin shaidun ciniki tsawo suke kallo. Maganin ba shi da tsada: a ja igiyar daga kowace kusurwa zuwa kishiyarta. A fulotin da ya daidaita, layukan biyu za su zo ɗaya, ƙafa 111.8 kowanne.

Togaciya

Duk wannan a shimfiɗaɗɗen wuri ne. A bayan ƙwallo, kamar yadda masanin lissafi Albert Girard ya bayyana a 1629, jimillar tana ƙaruwa gwargwadon girman siffar, don haka tsawo yana da tasiri. A doron duniya, ƙarin sakan ɗaya na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri, yana buƙatar kusan murabba'in kilomita 197. Masu zana taswirar jiha dole su lissafa shi, amma a gonar hekta guda ƙarin bai kai abin da na'urar safiyo za ta iya gani ba.