TARIHIN TUKUNYARMU: YADDA ABINCI YA SAUYA A KUDANCIN KANO

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da malaminmu na Tarihi ya yi mana a wajen taronmu na bara. Da aka kawo abinci, sai ga shinkafa dafa-duka da kaza da lemon kwalba. Malam ya dubi farantinsa, ya dube mu, ya ce, "Yanzu duk cikin abin nan, wanne kakannin kakanninku za su gane?" Muka yi dariya, amma ni dai da tambayar na koma gida. Ga amsar da na iya harhaɗawa. Malam, sai a duba a ba ni maki.

Asalin abincin ƙasarmu, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, hatsi ne, wato dawa da gero da maiwa. Da yake kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, dawa ce ta fi cika rumbu. Da ita ake tuwon dare, wanda ya kwana a yi ɗumame da safe, da rana kuma a dama fura da nonon da Fulani ke kawowa. Miya kuwa daga bayan gida da daji take fitowa: kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, rama da zogale. Fate, wanda muka yi tarayya da maƙwabtanmu Zazzagawa a kansa, tsaki ne da ganye a tukunya ɗaya, ya ciyar da gida guda ba tare da an je kasuwa ba.

Kafin zuwan dunƙulen Maggi, daddawa ce uwar miya, kuma yin ta sana'a ce mai zaman kanta. Sai an dafa kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, ta yi laushi, a surfa ta, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a shanya. Mai kuma na shanu ne ko na kaɗe. Gishiri da kanwa su ne ba mu da su, sai fatake sun kawo. Azbinawa kan ɗauko gishirin Bilma a kan raƙuma, kanwa kuma ta zo daga wajen Borno. Ke nan ko a wancan zamani, miyar talaka a Kiru tana da alaƙa da tsakiyar Sahara.

Bebeji kuwa a bakin hanyar fatake take, tsakanin Zariya da Kano. Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, ya bi ta garin a shekarar 1826, ya kuma ambace shi a littafinsa. Ta irin waɗannan hanyoyi ne baƙin amfanin gona suka riƙa shigowa. Da yawa daga cikinmu za su yi mamaki in aka ce masara, rogo, gyaɗa, barkono, tumatir da dankali duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Sunan masara ma, wasu masana na ganin daga Masar aka samo shi, alamar ta hanyar arewa ta zo mana. Shekara da shekaru masara ba ta wuce shukar bayan gida ba, wadda ake gasawa a rage yunwa kafin gero ya nuna.

Wannan ba a kanmu kaɗai ya faru ba. Mutanen Bosniya, a Turai, sun zauna ƙarƙashin mulkin Turkawa daga 1463 zuwa 1878. Har yau abincin da suke alfahari da shi, irin su burek, wanda ake naɗe niƙaƙƙen nama cikin siririn kwaɓin fulawa a gasa, da gahawar da suke sha a ƙananan kofuna, daga wancan zama suka gaje shi. Sarauta ta wuce, girki ya zauna.

Mu ma haka Turawa suka bar mana tasu alamar. Rundunarsu ta biyo ta Bebeji a farkon 1903 kafin ta ci Kano. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma suka duƙufa. Alhaji Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya kuma fara da fataucin goro, ya zama babban mai sayen gyaɗa a zamanin dala. Gyaɗar da ba ta hau jirgi ba ta shiga hannun mata a cikin gida. Suka soya, suka matse mai, suka yi ƙuli-ƙuli da tunkuza. Man gyaɗa ya yawaita a tukunya, ƙuli ya shiga kwaɗon zogale da dambu da yajin tsire, mata da yawa kuma da kuɗin ƙuli suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Babban juyi na biyu ya zo ne a shekarun 1970. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da mutane ke jin jiki saboda farin 1973. Ruwan Tiga ya raya noman rani a Kadawa da kewayenta. Shinkafa, wadda a da sai da Sallah ko biki ake ganin tuwonta a gidaje da yawa, ta zama abincin yau da gobe, har Tudun Wada ta yi suna wajen nomanta da cinikinta. Tumatir da tattasai suka wadata, miyar dage-dage ta samu gindin zama, ɗanyen kifi ya shiga kasuwanninmu. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, noman alkama ma ya ƙaru na wani lokaci.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma masara ta fito daga bayan gida ta mamaye gona. Cibiyoyin bincike na Samaru da Ibadan suka fitar da ingantaccen iri, gwamnati ta sa rangwame a takin zamani, malaman gona na KNARDA suka shiga ƙauyuka. Ga injin niƙa ya hutar da mata daga dutse. Tuwon masara fari ne, mai laushi, sai yara suka fara yi wa na dawa kallon abincin tsofaffi. Mu kanmu shaida ne: wane ne a cikinmu bai yi wa gabzar makaranta tsiya ba, ya koma ɗaki ya jiƙa garin kwaki da ƙuli?

To, amma a nan gizo ke saƙar. Dawa da gero suna jure ƙarancin ruwa da ƙarancin taki, masara kuwa ba ta da wannan haƙuri. Duk shekarar da buhun taki ya yi tsada, tukunya ce ke fara ji. Ɗorawa da kaɗanya ana sare su don itace da gawayi, ba a dasa wasu. Matan da suka iya daddawa tun daga kalwa har shanya suna ta ƙarewa. A gidana ma, ranar da aka yi miyar karkashi, 'yata cewa ta yi ba ta san wannan ba. Laifin nawa ne, ba nata ba.

Don haka ina da shawara biyu ga ƙungiyarmu. Ta farko, kowane ɗayanmu in ya je gida, ya zauna da mahaifiyarsa ko kakarsa, ya rubuto yadda ake girka abinci ɗaya na gargajiya, da sunayen kayan aikinsa, daga muciya da mara har madambaci da akushi, mu tara mu buga a wannan mujalla. Ta biyu, a taronmu mai zuwa a ajiye tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da man shanu kusa da shinkafar, mu ga wanda zai fara ƙarewa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Malam, amsar tambayarka ita ce, kazar za su gane ba shakka, shinkafar kuma sai sun tambaya ko yau Sallah ce.