Usur ɗin Bordeaux: Ɗan Nijar Da Mutanen Chile Ba Su Manta Da Shi Ba

Wani mai karatu daga Abala, can arewa da Filinge a ƙasar Kurfai, ya aiko mana da tambaya bayan gardama ta kaure a gidan kallon ƙwallo na unguwarsu. Yana son sanin ko da gaske ne ɗan Nijar ya taɓa hura usur a gasar cin kofin duniya, kuma ko gaskiya ne abin da wani dattijo ya faɗa musu, wai koro shi aka yi saboda ya ci hanci. Ya ƙara da cewa samarin wurin sun yanke hukunci tun kafin a ji amsa: da a ce akwai na'urar duba maimaici ta VAR a lokacin, da magana ta mutu.

Tambayar farko amsarta e ce. Sunan mutumin Lucien Bouchardeau, haifaffen Yamai a shekarar 1961. Kafin ya je Faransa a 1998 ya riga ya yi alƙalanci a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, gasar da Nijeriya ta ɗauki zinariya, ya kuma yi a gasar cin kofin Afirka ta 1996 da ta 1998. A tuna cewa a wannan zamani Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ba ta taɓa leƙa ko gasar Afirka ba, sai a 2012 ta fara zuwa. Ke nan alƙalin wasa ne ya riga ƴan wasa kai tutar Nijar babban fage. Yana cikin ƴan Afirka biyar da FIFA ta zaɓa a matsayin alƙalan tsakiya a gasar cin kofin duniya ta 1998.

Ranar 11 ga Yuni 1998 aka ba shi wasan Italiya da Chile a birnin Bordeaux. Chile ba ta halarci gasar ba tun 1982, don haka magoya bayanta sun zo da yunwar shekara 16. Christian Vieri ya fara ci wa Italiya a minti na 10. Marcelo Salas ya farke dab da hutun rabin lokaci, da aka dawo kuma ya tashi sama ya sa kai ya ƙara ta biyu. Italiya, wadda ta buga wasan ƙarshe shekara huɗu kafin nan, ta shiga neman yadda za ta tsira da mutuncinta.

Saura kamar minti biyar a tashi, Roberto Baggio ya samu ƙwallo ta ɓangaren dama, ya ɗaga ta zai jefa tsakiya. Ɗan bayan Chile Ronald Fuentes yana tsaye dab da shi a cikin da'irar mai tsaron gida, ƙwallon ta bugi hannunsa. Bouchardeau ya hura, ya nuna fenariti. Baggio, wanda duniya ba ta manta yadda ya harba tasa sama a wasan ƙarshe da Birazil a 1994 ba, ya sunkuya na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki ƙwallon ya buga. Mai tsaron gida Nelson Tapia ya bi ta, amma ta shige. Aka tashi 2 da 2.

Daga nan labari ya rabu biyu. Mutanen Chile sun ce fashi aka yi musu da rana tsaka: tazarar da ke tsakanin ƙafar Baggio da hannun Fuentes ba ta isa mutum ya janye hannu ba, kuma dokar wancan lokaci ta ce sai an taɓa ƙwallo da gangan ne ake hukunci. Wasu sun wuce nan, suka ce alƙali ya tsorata da girman rigar Italiya. Masu kare shi kuwa sun ce hannun ya tare ƙwallon da za ta shiga wuri mai haɗari, alƙali yana kusa, ya ga abin da ya gani, ya yanke cikin ƙiftawar ido.

In an tambaye ni, hukuncin ya yi tsauri. Da ya bar wasa ya ci gaba, da ba mai zarginsa sai ƴan Italiya, su ma na kwana biyu. Amma tsauri daban, cin hanci daban. Babu wata hukuma da ta kama Bouchardeau da karɓar kuɗi, kuma duk wanda ya ce an kama shi ya kawo shaida. Abin da ya tabbata shi ne ba a sake ba shi wani wasa a gasar ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wasu masu sharhi suka bar batun hannun Fuentes suka koma kan ƙasar da alƙalin ya fito, suna tambayar me ya haɗa mutumin da ƙasarsa ba ta da babbar gasa da wasa irin wannan.

Kwana 12 bayan haka amsa ta zo musu daga rukunin nan dai. A birnin Nantes, Chile ta haɗu da Kamaru, alƙali kuwa Bature ne, László Vágner na ƙasar Hangari. Ya ba Rigobert Song da Lauren jan kati, ya kuma soke ƙwallon da François Omam-Biyik ya ci a kan wani laifi da mutane da yawa suka kalli maimaici suka kasa ganinsa. Aka tashi 1 da 1, Chile ta wuce zagaye na biyu ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba, Kamaru ta koma gida cikin fushi. Ban ji wanda ya ce a daina ba Turawa usur ba. Ranar 12 ga Yuli kuma ɗan Afirka ne, Said Belqola na Maroko, ya jagoranci wasan ƙarshe tsakanin Faransa da Birazil, karo na farko da aka ba ɗan nahiyar wannan aiki.

(A gefe guda, Chile ta san ƙarfin hoto fiye da kowa. A 1989 mai tsaron gidanta Roberto Rojas ya yanki kansa da reza a filin Maracanã, ya ce wutar da aka jefo daga cikin ƴan kallo ce ta same shi. Hotuna suka tona asirinsa, aka hana ƙasar shiga gasar 1994.)

To, da VAR ta raba gardamar Bordeaux? Ina shakka. Na'ura tana nuna ko ƙwallo ta taɓa hannu, wannan kuwa ba wanda ya musa shi a 1998. Abin da ake jayayya a kai shi ne niyyar Fuentes, kuma kyamara ba ta ɗaukar niyya. Dubi abin da ya faru a Rasha a 2018, gasar farko da aka yi amfani da ita. A wasan Nijeriya da Ajantina ƙwallo ta sauka a hannun Marcos Rojo bayan ta taɓa kansa, alƙali Cüneyt Çakır ya je ya kalli allo ya ce ba fenariti, Rojon nan kuma shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Super Eagles. A wasan ƙarshe ƙwallo ta bugi hannun Ivan Perišić na Kuroshiya daga kusa, Néstor Pitana ya kalli allo ya ba Faransa fenariti. Na'ura ɗaya ce, gasa ɗaya, amma har yau ana musu a kan hukuncin biyu.

Inda hoto ya yi aiki sosai shi ne inda akwai ha'inci na gaske. A Nuwamba 2016 Joseph Lamptey na Gana ya ba Afirka ta Kudu fenariti a kan Senegal, ya ce hannu, alhali ƙwallon a ƙafar Kalidou Koulibaly ta bugu. FIFA ta bincika, ta haramta masa alƙalanci har abada, ta sa aka sake wasan. Wannan shi ne irin abin da dattijon Abala yake nufi, sai dai ya ɗora wa wanda ba shi ya aikata ba. A Mayun 2019 kuma, a wasan ƙarshe na zakarun Afirka tsakanin Espérance da Wydad, na'urar ta ƙi aiki, ƴan Wydad suka ƙi ci gaba da wasa bayan an soke musu ƙwallo. Ita kanta dokar hannu an yi mata kwaskwarima a 2019, aka sake taɓa ta a 2021.

Bouchardeau bai ga ko ɗaya daga cikin wasannin Rasha ba. Ya rasu ranar 20 ga Fabrairu 2018 yana da shekara 56, ƙasa da mako biyu kafin hukumar tsara dokokin ƙwallo ta IFAB ta shigar da VAR cikin doka.