Jima da Cinikin Fatu a Potiskum

Jima ita ce sana'ar mayar da ɗanyar fata, wadda kan ruɓe cikin kwana biyu, ta zama abin da zai yi shekaru ana amfani da shi. A Potiskum sana'ar ta rayu ne a inuwar kasuwar shanu. Garin ya fara bunƙasa sosai bayan da Sarkin Fika ya dawo da fadarsa nan a 1924, kuma zamansa a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri ya jawo Fulani makiyaya da fatake da mahauta suka haɗu da Ngizim da Karekare da Bolawa. A yau kasuwar tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Inda aka yi yanka da yawa kuwa, dole fatu da ƙiraga su taru.

Tun kafin wannan, fatar ƙasar Hausa da Barno ta yi suna. Ayari kan ɗauke ta su ƙetare Sahara, Turawa su saya a tashoshin Arewacin Afirka, su kira ta fatar Maroko, alhali mai yawa daga cikinta ta jar akuyar Sakkwato ce. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu ke cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa.

Majeman wancan zamani ba su taɓa leƙa madubin ƙara girman abu ba, amma kowane mataki na aikinsu yana bin tsarin ƙwayoyin halittar da ke cikin fatar. Fata hawa uku ce. Na sama ƙwayoyi ne shimfiɗaɗɗu, waɗanda ke cika da wani sinadari mai tauri, keratin, su mutu, su zama garkuwa daga rana da ƙwayoyin cuta. Daga irin wannan sinadari ne gashi da ƙaho da kofato suke. Na ƙasa ƙwayoyin kitse ne, kowacce kamar ƴar jaka cike da mai. Tsakaninsu akwai hawan da majemi ke nema, inda wasu ƙwayoyi masu tsawo ke saƙa zaren kolajin, su sarƙe shi ta kowace fuska yadda fata za ta miƙe ba ta yage ba.

Saboda haka aikin farko shi ne raba na tsakiya da sauran biyun. Ana jiƙa fata a ruwan toka, wanda kaifinsa ke sassauta tushen gashi da hawan sama, sai a kankare. A juya ta, a karce kitse da ragowar nama, don su ne ke fara wari.

Daga nan sai bagaruwa. Ƙwayoyin halittar tsiro suna da bango mai ƙarfi da wata babbar jakar ruwa a ciki, kuma a kwanson ƴaƴan bagaruwa wasu daga cikinsu sun keɓanta da tara sinadarin tanin. Bishiyar tana yin haka ne don kare irinta daga ƙwari da dabbobi. Tanin ɗin ne baurin da ke ɗaure bakin wanda ya tauna kwanson. Majemi kan daka kwanson, ya jiƙa, ya tsoma fata kwanaki yana juyawa. Tanin ɗin ya bi tsakanin zarurukan kolajin ya ɗaure su, har ƙwayoyin ruɓa su rasa abin ci. Makamin da tsiro ya tanada don korar dabba, shi ya koma mai adana fatarta. Bayan an shafa mai an murza, dukawa kan rina da karan dafi, wani nau'in dawa da ƙwayoyin kuben ganyensa ke tara jan launi.

Tsarin saƙar zaren kolajin ne kuma ke bayyana dalilin da ya sa dillali ke ɗaga fata ya duba ta a haske. Inda kaska ta ciji, ko aka ɗora wa sa ƙarfe mai zafi, ƙwayoyin masu saƙa kan cike gurbin da gaggawa, zaren ya fito a hargitse, tabon kuma ba ya ɓacewa ko an jeme. Yankan wuƙa wajen fiɗa ya fi wannan ɓarna, kuma laifi ne da ake iya kauce masa gaba ɗaya.

Isar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya akalar ciniki daga Sahara zuwa Legas da teku. Daga baya jimar zamani da gishirin kurom, wadda aka fara a Amurka wajen 1884, ta rage aikin kwanaki zuwa na awanni, masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai suka zama manyan masu saye. Fatun awaki da tumakin Potiskum yanzu galibi gishiri ake zuba musu a loda zuwa Kano. Ƙiragan shanu kuwa, da yawansu ba sa ganin bagaruwa ko kurom: babbake su ake yi a sayar a matsayin ganda, musamman ga kasuwannin Kudu.