Hekta Nawa Aka Noma? Matsalar Ma'auni a Ayyukan Raya Kwarin Haɗeja

Duk shirin raya yanki da aka yi da kuɗin jama'a yana da ranar lissafi, kuma abin da aka zaɓa a ƙirga shi ke yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. A ayyukan noman rani na arewacin Nijeriya, ma'aunin da ya fi farin jini shi ne hekta: nawa aka share, nawa ruwa ya kai. Ba a ce alƙaluman ƙarya ba ne. Aibinsu shi ne ƙidayar tana tsayawa a iyakar gonakin aikin, alhali kogin ya wuce gaba.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, madatsar Challawa ta biyo baya a 1992. Kashin farko na aikin noman rani na Kogin Kano an tsara shi ne a kan hekta 22,000. Wanda ya ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan, ko buhunan shinkafa a Kura, ba zai ce an yi aikin banza ba. Wannan ribar tana cikin rahoto, domin a fili take, ga ta a bakin titi.

Abin da bai shiga rahoto ba yana can ƙasa, a fadamun Haɗeja zuwa Nguru. A da, ambaliyar damina ce ke shayar da shinkafar fadama. Idan ruwa ya janye a shuka wake da kayan lambu a danshin da ya bari, masunta su kama kifi, makiyaya su sami ciyawar rani, rijiyoyi su cika. Madatsun sun rage ambaliyar, sannan ruwan da ake saki rani da damina ya ba ciyawar kacala damar toshe magudanai, har wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Edward Barbier da Julian Thompson sun sauya ma'aunin a binciken da suka buga a 1998: maimakon hekta, suka auna abin da ruwan ke haifarwa a sama da abin da janye shi ke jawowa a ƙasa. Suka tarar ribar noman ranin ba ta kusa cike asarar fadama ba. Kogi ɗaya ne, shekarun ɗaya, amma hukuncin ya juye.

Za a iya cewa amfanin fadama yana da wuyar aunawa, tunda kifin da aka ci a gida da nonon da aka sayar a ƙwarya ba su da rasit. Gaskiya ne. Sai dai abin da aka bari ba a auna ba, a takarda sifili yake zama, kuma da takardar ake raba ruwa.

Shirin noman rani na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ƙara ƙungiyoyin masu amfani da ruwa cikin abubuwan da ake ƙirgawa. Ci gaba ne, ko da yake yawan ƙungiyoyi bai nuna ko manomin da ke wutsiyar magudana ya sami ruwa ranar da ya kamata ba. A ganina, ma'aunin da ya dace shi ne kuɗin shigar magidanta a ilahirin kwarin, daga Kano har Yobe, a ɗauke shi tun kafin a fara haƙa, kuma kada hukumar da ta yi ginin ta zama ita ce mai awon.