Tarihin Wakilci a Ƙasar Rano

Duk wanda ya kwana a Dawaki ta ƙasar Rano a lokacin zaɓe, ya ga motoci suna tada ƙura, masu lasifika suna kiran sunan ɗan takara tun asuba, mata kuma sun ja layi kafin hantsi ya dubi ludayi, zai iya zaton cewa al'adar tura mutum Kano ya yi magana da yawun jama'a tsohuwa ce kamar duwatsun Rano, alhali kuwa akwai dattawa a raye yau waɗanda suka girme ta.

Rano dai ba baƙuwar mulki ba ce. Tana cikin Hausa Bakwai, kuma a rabon da masu tarihin baka suka yi wa 'ya'yan Bawo, ita da Kano aka ba sarautar baba, saboda rini da saƙa, kamar yadda aka ba Gobir yaƙi, aka ba Katsina da Daura kasuwa. Har yau kuwa Autan Bawo ake yi wa Sarkin Rano kirari da shi. Amma ƙaddara ta sa ta maƙwabtaka da wadda ta fi ta ƙarfi, sai ta zama tana da tsohon suna, ikon kuwa yana birni. A zamanin jihadi ta wannan nahiya Sarkin Kano Alwali ya ƙare gudunsa, aka kashe shi a Burumburum, bayan haka Rano ta ci gaba da zama ƙarƙashin tutar Kano, da Turawa suka ci birnin a 1903 kuma suka tsara ƙasa gunduma-gunduma, sai Sarkin Rano ya zama ɗaya daga cikin hakimai, ko da yake bai rasa sunan sarki ba.

A wancan tsari, idan talakan Dawaki yana da kuka, hanyarsa ɗaya ce, kuma mai tsawo: ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya faɗi gaban hakimi, hakimi kuwa, in ya ga maslaha, ya rubuta wa fada. Umarni shi ma ta nan yake saukowa, sai dai ya fi kuka sauri, musamman in ya shafi haraji da jangali. Ba za a ce babu shawara a cikinsa ba, domin malamanmu sun daɗe da sanin babin shura da matsayin ahlul halli wal aƙdi, kuma sarki mai hankali ba ya yanke babban al'amari shi kaɗai. Abin da babu shi ne talaka ya nuna wanda zai shiga shawarar, ko ya fitar da shi in ya ci amana.

Ko da aka buɗe Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna a 1947, En'e ce take fitar da masu zuwa daga cikin ma'aikatanta. A 1951 aka ce za a yi zaɓe, amma na hawa-hawa, ƙauye ya zaɓi wasu, su kuma su zaɓi wasu, har a kai matakin lardi, inda aka ba En'e damar cusa mutanenta. Ta haka ne 'yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a watan Agusta na 1950, suka yi rinjaye a matakan farko a birni, sa'an nan suka narke kafin a kai ƙarshe, kamar gishiri a ruwa. Sai a zaɓen tarayya na 1959 ne namiji baligi na karkara ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya tarar da akwatuna, wannan da fartanyar NPC, wancan da tauraron NEPU, ya jefa takardarsa inda ransa ya so, ko inda tsoron dagaci ya kai hannunsa. Mata kuwa sai da suka jira kusan shekara ashirin bayan haka. Soja suka rufe majalisu a 1966, aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma abin lura ne cewa aikin da ya fi kowanne sauya rayuwar manoman kudancin Kano, wato madatsar ruwa ta Tiga, an gina shi ne a zamanin Audu Bako, sa'ad da babu ɗan majalisa ko ɗaya a ƙasar.

Saboda haka ɗan majalisar jiha, a ma'anar da muka san shi yau, haihuwar 1979 ne. A shekarar nan PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi, ta share Kano, Abubakar Rimi ya hau gwamna, ya soke haraji da jangali, wanda hakan ya tsinke igiyar da ta fi kowace ɗaure talaka ga dagaci. A nan ne kuma aka fara wani al'amari da ya bi ƙasar Rano har yau, domin a 1981 Rimi ya ɗaga darajar wasu tsofaffin sarautu, cikinsu har da Rano da Gaya da Dutse, ya fitar da su daga ƙarƙashin Sarkin Kano. Ba a daɗe ana murna ba, Sabo Bakin Zuwo ya karɓi mulki a 1983, ya mayar da kowa inda yake, kafin soja su sake zuwa a daren ƙarshe na shekarar su sallami kowa da kowa.

Daga 1999 zuwa yau majalisa ba ta sake rufuwa ba. Kujerunta arba'in ne a kan ƙananan hukumomi arba'in da huɗu, Rano tana da tata, Kibiya ma, wadda daga jikin Rano aka yanke ta, tana da tata. Daga cikin waɗanda suka zauna a kujerar Rano babu wanda sunansa ya yi nisa kamar Kabiru Alhassan Rurum, mutumin Rurum, wanda takwarorinsa suka zaɓa Shugaban Majalisa a 2015 a ƙarƙashin APC, ya ajiye muƙamin a watan Yuli na 2017, Yusuf Abdullahi Ata ya gaje shi, sa'an nan bayan shekara guda aka tsige Ata, aka sake ɗora Rurum. Wannan hawa da sauka ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san majalisun jihohinmu, inda kujerar shugaba takan bi iskar da ke kaɗawa daga Gidan Gwamnati.

A zaman Rurum na biyu ne, a watan Mayu na 2019, majalisa ta zartar da dokar da ta raba masarautar Kano, ta kafa Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi a matsayin masarautu masu daraja ta ɗaya, cikin 'yan kwanaki ƙalilan, Gwamna Ganduje kuma ya sa hannu ranar 8 ga watan. Mutanen birni da yawa sun ɗauki dokar a matsayin sanda da aka yanko domin Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu. Mutanen Rano kuwa sun ga haƙƙi ne da aka daɗe da dannewa ya dawo, kuma a ganina kowane ɓangare ya faɗi wani yanki na gaskiya. Kotu ta rushe dokar a watan Nuwamba saboda yadda aka bi wajen yin ta, sabuwar majalisa ta sake yin ta a Disamba. Alhaji Tafida Abubakar Ila, wanda aka ba sandar Rano, bai cika shekara a kai ba, Allah ya yi masa rasuwa a farkon Mayu na 2020, Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi. Rurum shi kuma ya riga ya wuce Abuja, yana wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya a Majalisar Wakilai ta Tarayya, aka kuma sake zaɓensa a 2023 a inuwar NNPP.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tadabburi. Wakilci an kawo shi ne domin talaka ya sami wata ƙofa ban da ta fada, sai ga shi doka mafi girma da majalisa ta taɓa yi game da ƙasar Rano a kan fadar ce. Ba na raina wannan, domin martabar gari abu ne da mutane ke ji a jikinsu, kuma mai shari'ar gona ko rikicin gado ya san bambancin zuwa Rano da zuwa Kano. Amma in ka zauna da manomin Dawaki ko na Tarai a gindin bishiya bayan la'asar, ka tambaye shi me yake nema wurin ɗan majalisa, taki zai fara ambata, da hanyar fitar da amfanin gona da damina, da ruwan noman rani, da likita a asibiti, da malami a aji. Ya kuma mayar da shi abin da ya san dagaci da shi a da, wato mai ƙofa a buɗe, wanda ake kai wa takardar magani da katin ɗaurin aure. Aikin kasafin kuɗi da sa ido a kan ma'aikatu kuwa, wanda shi ne farillar kujerar, kaɗan ne ke tambayarsa, shi ya sa nafila ta danne farilla, laifin kuma ba na wakili kaɗai ba ne.

Abin da doka ta ɗaga, doka tana iya sauke shi. Ranar 23 ga Mayu 2024 majalisa, wadda a lokacin NNPP ke da rinjaye a cikinta, ta soke dokar masarautu, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar, Rano ta koma ƙarƙashin Kano karo na biyu cikin shekara arba'in da ɗaya. Bayan wata biyu aka yi wata dokar, aka ba Rano sarki mai daraja ta biyu, ƙasarsa kuwa ta tsaya a Rano da Bunkure da Kibiya, daidai iyakar mazaɓar da ke tura wakili ɗaya Abuja.