Amsa-kuwa a manyan masallatai da ɗakunan taro: me ke kawo ta, yaya ake rage ta?

Jama'a masu saurarenmu na Tasawa da Mayayi, da ƴan uwa mazauna Kano, Legas, Abijan da sauran wurare, da yawanmu mun san wannan matsala. A tara kuɗi a gina ƙaton masallaci ko ɗakin taro, a sa siminti da kwano, a sayo lasifika, amma ranar Juma'a tsofaffin da ke sahun baya su fito ba su ji huɗuba ba. Murya kam ta cika ɗaki, sai dai kalmomin sun cakuɗe.

Me ke kawo ta?

Sauti yana gudun kusan mita 340 cikin daƙiƙa guda. In ya bugi abu mai tauri da santsi, kamar filastar siminti, tayil, gilashi ko kwano, sai ya dawo. Bangon da ke nesa da mita 17 ko fiye yakan maido magana har kunne ya ji ta sau biyu. In kuwa ɗaki dogo ne sama, sautin zai yi ta kai da komo tsakanin bango, ƙasa da rufi, kalmar farko ba ta mutu ba ta biyu ta hau kanta.

Wani malamin Jami'ar Harvard a Amurka, Wallace Sabine, shi ya fara auna wannan a 1895, cikin wani ɗakin karatu da kalma ke yin sama da daƙiƙa biyar kafin ta ɓace. Da dare yakan aro matasan kujeru ya jera, ya sake aunawa. Ya gano cewa girman ɗaki yana tsawaita amsa-kuwa, abu mai laushi kuma yana shanye ta. Ɗakin da ake magana cikinsa ana so sauti ya mutu cikin kamar daƙiƙa guda.

Gwajin da kowa zai iya

Ku shiga lokacin da ba kowa, ku tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ku saurara. In ƙarar ta ja lokaci, akwai aiki. Ku tuna jikin mutane da tufafinsu na shan sauti, shi ya sa matsalar ta fi tsanani ranar da ɗaki bai cika ba.

Magani

Na farko, shimfiɗa. Darduma mai kauri ta fi tabarmar roba nesa ba kusa ba.

Na biyu, bangon da mai magana ke fuskanta. A rataya masa labule mai nauyi mai ninki, a bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsa da bango. Mu da Gulbin Kaba ya ratsa ƙasarmu, tabarmar kaba tana hannunmu. Ita kaɗai siririya ce, amma in kafinta ya yi firam na katako, ya cika shi da auduga ko tsummoki, ya rufe da tabarma, zai yi aiki.

Na uku, rufi. Silin a ƙarƙashin kwano yana rage tsawon ɗaki, ya rage zafi da ƙarar ruwan damina.

Na huɗu, lasifika. Ƙara murya ƙara amsa-kuwa ne. Babbar lasifika mai bakin kakaki ta waje ce. A ciki, a sa ƙanana da yawa, a sauko da su kusa da jama'a, a fuskantar da su ga mutane, a rage murya.

A yi hattara

Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango amfaninsa kaɗan ne, kuma shi da soso saurin kama wuta gare su. Auduga da kaba ma a nisanta su da wayar lantarki, a riƙa kakkaɓe ƙura ana duba gara.

Ƴan uwa da ke aiko da kuɗin gini, ku tambayi magini tun kafin a aza harsashi: tsawon rufi nawa, akwai silin, an ware kuɗin darduma da labule? Gyara a takarda ya fi sauƙi bisa gyara bayan an ɗora kwano.