Firdausi: sunan da ya fara da katangar lambu

Bana a ajina, cikin rajistar kiran suna akwai Firdausi har uku, amma babu Kande ko Delu ko ɗaya. Da na tambaye su ma'anar sunansu, duka suka ce "Aljanna". Gaskiya ne, sai dai labarin ya fi haka tsawo.

Masana harshe sun bi sawun kalmar har tsohuwar ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. A can "pairi-daeza" na nufin fili da aka kewaye da katanga, irin lambunan sarakuna masu itatuwa da ruwa. Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), marubucin Girka Zenofon ya kira waɗannan lambuna "paradeisos". Daga nan Faransanci ya samo "paradis" da yaranmu ke karantawa a lakwal. Larabci kuma ya ce "Firdaus".

Wannan ba sabon zance ba ne. Tun cikin magabata, Mujahid, almajirin Ibn Abbas, ya ce Firdaus lambu ne a harshen Rumawa. Kalmar ta zo sau biyu a Alƙur'ani: Suratul Kahfi aya ta 107 da Suratul Mu'minun aya ta 11. Hadisin Bukhari ya nuna ita ce mafi ɗaukakar Aljanna, aka umarce mu da mu roƙe ta. A Farisa ma namiji ne ya shahara da sunan: mawaƙi Firdausi, wanda ya kammala littafin Shahnama a 1010.

Kakanninmu laƙabinsu labari ne. Kande ta biyo bayan maza, Ladi ranar Lahadi ta zo. Firdausi kuwa addu'a ce. Iyaye sun koma suna sa wa ɗiya fatansu, ba yanayin haihuwarta ba. Ba laifi, amma mu riƙa faɗa wa ƴaƴanmu ma'anar duka biyun, kada su ɗauka sunan kaka ƙauyanci ne.

Sai jan kunne ɗaya. A gida ana cewa Fiddausi, a takardar haihuwa a rubuta Firdaoussi, a makaranta wani ya sa Fridaous. Ranar haɗa takardun jarrabawar BEPC wannan bambanci ke zama wahala. Iyaye, ku duba rubutun tun ranar da aka ba ku takardar. Mu malamai kuma mu kwafa harafi da harafi.

Allah ya sa su ci sunansu.